Lensi ɗaya tak zan iya saya: 50 ko 35 ko 30?

Maman Ilham (Rikkos): Assalamu alaikum 'yan uwa masu sana'a. Shawara nake nema. Ina aiki da kyamarar Sony a6400, kuma har yanzu da ƙaramin zum ɗin da ya zo da ita nake fama, wato 16-50. Yawancin aikina na cikin gida ne: sa lalle, kamu, walimar mata, suna, nan Rikkos da Anguwar Rogo da kewaye. Da rana a tsakar gida ba ni da kuka da shi. Amma da an shiga ɗakin amarya, ko magariba ta kawo jiki, sai hoto ya cika da yashi-yashi. Na ɗan tara abin da zai sayi lensi marar zum guda ɗaya tak. Duk wanda na tambaya sai ya ce in sayi 50mm f/1.8, mai buɗi sosai da ke shigar da haske da yawa, in huta. Wai haka ne? Don Allah wanda ya yi aiki da su ya yi magana.

Shamsu Gangare: Wa alaikumus salam. Anti, hamsin kawai, kada ki wahalar da kanki. Babu mai hoton da ba shi da shi a jaka. Baya ya narke, amarya ta fito fes.

Malam Nura: Shamsu, dakata tukuna, ko faɗin ɗakin ba ka tambaye ta ba. Maman Ilham, masu ce miki hamsin ba ƙarya suke yi ba, sai dai da kyamararsu suke auna miki. Shawarar hamsin ta masu babban sensa ce, ful firem, mai 36mm da 24mm. Sensan a6400 ƙarami ne, faɗinsa 23.5mm, don haka duk lambar da kika gani a jikin lensi sai kin ninka ta da 1.5 kafin ki san abin da zai nuna miki. Hamsin a kyamararki 75 ne. 35 ya koma 52 da ɗoriya, 30 kuma 45.

Bari in mayar miki da shi mita, ya fi shiga kai. A ce kin tsaya mita 3 daga mutane, kyamara a kwance. Da 50, faɗin abin da zai shiga hoto bai wuce mita 1.4 ba, wato amarya da ƙawa ɗaya, ta ukun sai dai kafaɗarta. Da 35 kina da mita 2. Da 30 kina da mita 2.3 har da ɗan kai. To ki tuna ɗakunan da kike shiga. Gado ya cinye rabi, ga sif, ga akwatunan lefe, ga 'yan biki sun baje a ƙasa. Ina za ki ja baya?

Maman Ilham (Rikkos): Wallahi Malam kamar kana wurin. Wani ɗakin ma a bakin ƙofa nake tsayawa, labule a kafaɗata, yara na bi ta ƙarƙashin hannuna.

Shamsu Gangare: To ai ni hamsin nake sa wa a6000 ɗina, kuma ba wanda ya taɓa dawo mini da hoto.

Anti Binta: Shamsu, kai hoton kafin aure kake yi a Rayfield da duwatsun Shere, fili iya ganinka, in ka ga dama ka yi ta ja da baya har Bukuru. Ita kuwa cikin mata take, inda ku maza ko leƙe ba a bari ku yi. Ƙanwata, irin aikinki nake yi, da Fujifilm, sensanmu girma ɗaya. 35 ne a bakin kyamarata kusan kullum, kuma duk da haka ranar kamu in 'yan anko suka jeru sai na lalubo 23. Hamsin yana da ranarsa, ba na musu: fuskar amarya, lalle a hannu, sarƙa da ɗan kunne. Amma shi ne lensi na biyu. Wadda za ta sayi ɗaya tak ba da shi za ta fara ba.

Kafin ki kashe ko sisi ga abin da za ki yi. Zum ɗin nan naki ai ya ƙunshi duka ukun. Bikin da za ki je na gaba, ki murɗa shi ki ajiye a 30, kada ki taɓa, ki yi aiki a haka. Can ki mayar 35, sannan 50. Ƙafarki da bangon ɗaki za su gaya miki gaskiya. Ki kuma buɗe tsofaffin hotunanki a kwamfuta, kowane hoto yana ɗauke da lambar da aka ɗauke shi da ita. Ki duba waɗanda masu biki suka fi zaɓa.

Baba Ɗanjuma (Taminus): Salamu alaikum yara. Ina ta karantawa ina dariya. Mu da muka fara da Yashica da Pentax K1000, hamsin ne ke zuwa a manne da kyamara, ba mu ma san ana zaɓe ba. Fim mai ɗauka 36, ka lissafa kowane ɗaya kafin ka danna. Amma ku gane abu biyu. Na ɗaya, girman fim ɗin nan shi ne abin da kuke kira ful firem yanzu, saboda haka hamsin ɗinmu hamsin ne na gaske. Na biyu, a lokacinmu ba mai shiga ɗakin amarya da kyamara. Fito da ita ake yi tsakar gida, a shimfiɗa darduma, a jira rana ta yi sanyi. Aikin 'yar nan daban ne da namu, kada ku ɗora mata kayanmu.

Malam Nura: Allah ya ƙara girma Baba. Abin ma da mutane ba su lura ba, ita kanta lambar 50 ɗin gado ce kawai. Ƙa'idar da ake bi ita ce a auna sensa daga kusurwa zuwa kusurwa, abin da ya bayar shi ne matsakaicin lensi. Na ful firem 43mm ne. Leica ce ta fito da kyamararta a 1925 da hamsin a gaba, sauran kamfanoni suka bi sahu har ya zama jiki. In lissafi za a bi, 40 da 45 sun fi 50 kusa da 43. Sensan Maman Ilham kuwa daga kusurwa zuwa kusurwa wajen 28mm ne. Kun ga 30 shi ne hamsin ɗinta.

Maman Ilham (Rikkos): Na gode Baba, na gode Anti, zan yi gwajin nan in sha Allah. To yanzu magana ta dawo tsakanin biyu ke nan. Na ga Sigma 30mm f/1.4, na kuma ga Sony 35mm f/1.8 mai OSS, wato mai hana rawar hannu. Wanne?

Kabiru Bidiyo: Sony 35 ɗin, Hajiya. Dalilina ɗaya ne: a6400 ba ta da na'urar hana rawar hannu a jikinta, sai irin su a6500 da a6600 da a6700 ke da ita. Shi ma Sigma 30 babu. In kika haɗa su, to babu abin da ke riƙe hoton sai tsintsiyar hannunki. Kuma amaren yanzu kowacce sai ta ce a haɗa mata ɗan gajeren bidiyo na sitatus. Bidiyon hannu ba OSS, ba gimbal, mai kallo sai jiri ya kama shi. Ga nauyi kuma, Sony gram 154, Sigma wajen 265. Yini guda a wuya, bambancin yana fitowa.

Auwal Bukuru: Kabiru, da idon mai bidiyo kake kallo. OSS hannun mai ɗauka yake riƙewa, ba ya riƙe mai rawa. A wurin kamu waye ke tsaye wuri ɗaya? Ana liƙi, ana guɗa, ƙawaye na juyi. Dole gudun shota ya kai 1/200 na daƙiƙa ko sama, in ba haka ba hannaye su zama hayaƙi. A wannan gudun kuwa OSS ba ya ƙara komai, buɗin lensi ne ke ceto. Ni Sigma na zaɓa mata, ga haske, ga ƙarin faɗi.

Kabiru Bidiyo: Amarya a zaune bakin gado fa, an lulluɓe ta, fitila ɗaya a ɗaki? Can kana iya sauka 1/20 da OSS hoto ya fito ras.

Auwal Bukuru: Har sai ta ɗago kai ta yi murmushi, shi ke nan ka rasa wanda za a saka a bango.

Malam Nura: Ku biyun kowa na da gaskiyarsa, amma bari in sa lamba a tsakaninku. Daga f/1.8 zuwa f/1.4 ƙarin hasken bai kai ninki biyu ba, wajen 1.65 ne. Wato inda Sony zai nemi ISO 3200, Sigma zai tsaya kusa da 2000, kuma hawan ISO ɗin nan ne ke kawo yashi. Akwai bambanci, sai dai ba irin wanda mai biki zai gani a waya ba. Babban tsallen yana tsakanin zum ɗinta da kowanne a cikinsu. A ƙarshensa na 50 zum ɗin f/5.6 ne. Sony 35 ya ninka shi haske kusan sau 10, Sigma sau 16. Duk wanda ta ɗauka, yashin da take kuka da shi zai yi sauƙi sosai. Don haka ni abin da zan duba shi ne faɗi da kuma yawan bidiyon da take yi.

Anti Binta: Ƙarin abu ɗaya da ba ya cikin lissafin Malam. Duk waɗannan masu buɗi sosai, in kika bar su a buɗe gaba ɗaya, gefen farin abu mai ƙyalli yana yin wani zare shunayya. Farar shadda a rana, duwatsun leshi, zoben azurfa, nan yake fitowa. Sigma 30 an san shi da haka a 1.4. Maganinsa ki ɗan tsuke zuwa f/2, ko ki goge a manhajar Lightroom. Sannan kada ki matsa da 30 har gaban hancin mutum don cika fuska, hanci zai kumbura, kunnuwa su gudu baya. Kusancin ne ke jawo haka, kowane lensi ne. Ki tsaya kamar mita ɗaya da rabi, ki yanke daga baya, megafiksel 24 ɗinki ya isa.

Oga Sadiq (Abuja): Salam. Na karanta tun daga sama. Ku yi haƙuri, duk wannan lissafin na ƙananan kaya ne. Wanda bai taɓa ɗora Canon RF 50mm f/1.2 L a kan ful firem ba, bai san me ake kira hamsin ba. Dina a nan Abuja, ɗakin taro duhu, fitilu kala-kala, ka buɗe shi 1.2 ba filash ba komai, ango da amarya su fito su kaɗai kamar ba kowa a wurin. Maman Ilham, ki daure ki ƙara tari ki koma ful firem gaba ɗaya. Araha ba ta ado.

Shamsu Gangare: Oga, lensinka kaɗai ai ya sayi kyamarata da babur ɗina har a ba ni canji 😂

Malam Nura: Oga Sadiq barka da zuwa. Lensi ne na gaske, ba mai ja. Amma mu ajiye shi kusa da ƙaninsa mu gani. RF 50mm f/1.2 ya fito a 2018 a kan dala 2,299, nauyinsa gram 950. RF 50mm f/1.8 ya fito a 2020 a kan dala 199, gram 160. Kuɗi ninki 11 da rabi, nauyi kusan ninki 6, haske kuwa ninki biyu da kwata. Sannan ga abin da ke biyo bayan buɗin. A mita 2 da hamsin a ful firem, zurfin abin da ke fitowa da kaifi a f/1.8 wajen santimita 17 ne, a f/1.2 bai kai 12 ba. In ka matso mita 1, a 1.2 santimita 3 ke nan. Ango ya ɗan fi amarya matsowa gaba, ɗaya ya fita. Amarya ta karkata fuska, ido ɗaya ya fito ɗayan ya dushe.

Oga Sadiq (Abuja): Malam, da a ce haske kaɗai ake saya da na yarda da kai. Ka buɗe ƙaramin a 1.8 ka duba gefe-gefen hoto, laushi ne da duhu, sai ka tsuke shi zuwa 2.8 yake farfaɗowa. Babban tun daga 1.2 yake yanka. Ga roba a gindinsa mai tare ƙura da yayyafi, ga yadda yake narkar da fitilun baya ba tare da zobe-zobe ba. In ka buga babban firem na falo, nan za ka ga inda kuɗin ya tafi. Kuma in faɗa maka wata gaskiya marar daɗi, a garin nan mai biki yana kallon girman abin da ke wuyanka kafin ya yarda da farashinka.

Anti Binta: Wannan ta ƙarshen ita ce gaskiyar maganar, Oga 😄 A Jos kuwa uwar amarya ba ruwanta da abin da ke wuyanki. Tambayarta ɗaya ce, ina hoton da muka yi da dangin Bauchi, kowa ya fito?

Baba Ɗanjuma (Taminus): Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Sadiq, kasuwarka ta ɗauki lensin nan, Allah ya sa albarka. Amma Binta ta taɓo inda yaran yanzu ke faɗuwa. Sun sayi 1.8, sai su ga kamar asara ce su tsuke shi. Mutum goma sha sun jeru sahu biyu a ɗaurin aure, yaro ya ɗauka a 1.8, sahun gaba ya fito, dattawan baya sun zama inuwa. Hoton taro f/5.6 ne ko f/8, in haske bai isa ba ka kunna filash ka harba silin. A nan kuwa mai dala 199 da mai dala dubu biyu, sai mai ido sosai zai raba su.

Auwal Bukuru: Tunda an shigo ful firem, akwai hanya ta tsakiya da ba a ambata ba. Nikon Z 50mm f/1.8 S. Sunansa 1.8 amma ba ajinsu ɗaya da masu arahar nan ba. Na Canon da Sony FE 50mm f/1.8 gilasai 6 ne a cikinsu, tsohon tsari tun zamanin su Baba. Na Nikon 12 ne, gram 415, ya fito a 2018 a kan dala 599, kuma tun daga 1.8 yake da kaifi har gefe. Ni shi nake sa wa idan aikin na bugawa ne. Na yawo kuwa Z 40mm f/2, gram 170, gindinsa ma roba ne, amma faɗin 40 ɗin nan ya fi mini daɗi a cikin gida. A mita 3 yana ba ni mita 2.7, hamsin kuwa 2.1 da ɗan abu. Rabin mitan nan mutum guda ne cur.

Usman Bauchi Road: Don Allah ku bar ni in shigo da tawa. Na koma Canon RP daga 700D, ina da tsohon EF 50mm f/1.8 STM da adafta. In sayar in sayi na RF, ko asarar kuɗi ce?

Malam Nura: Riƙe abinka, Usman. Adaftar Canon babu gilashi a cikinta, zobe ne kawai mai cike tazara. A tsofaffin kyamarori madubi ne ke cin wuri, don haka daga bakin kyamara zuwa sensa 44mm ne a EF. Da aka cire madubi ya dawo 20mm a RF, 18mm a Sony, 16mm a Nikon Z. Adafta waɗancan 24mm ɗin take mayarwa, shi ke nan. Hoton ba ya raguwa, fokas ma sau da yawa ya fi dacewa a kan RP, tunda a jikin sensa ake auna shi. Abin da na RF zai ba ka shi ne gajarta da kuma matsowa kusa, santimita 30 maimakon 35. In kuɗin na hannunka, RF 35mm f/1.8 mai IS, wato mai hana rawar hannu, ya fi maka amfani, tunda RP ma ba ta da mai hana rawa a jiki, kuma yana ɗaukar zobe da lalle kusa-kusa.

Auwal Bukuru: Masu Nikon su kula a nan. Da adaftar FTZ, 50mm f/1.8G yana fokas da kansa. Tsohon mai harafin D kuwa ba zai yi ba, sai da hannu, domin injinsa a jikin tsohuwar kyamara yake. Kada wani ya ga araha ya ruga.

Baba Ɗanjuma (Taminus): Fokas da hannu har ya zama abin tsoro? To ni akwai Helios 58mm f/2 na Rasha a akwatina, jikana ya sa masa adafta yana ta murna da yadda yake murɗa ganyayen baya. Amma ba zan ce wa mai aikin biki ta dogara da shi ba.

Shamsu Gangare: Ni fa ba wanda ya yi maganar 'yan Chana. Viltrox, TTArtisan, Yongnuo, Meike. Wasunsu rabin kuɗi ne ko ƙasa.

Kabiru Bidiyo: Ka raba su gida biyu, Shamsu. Akwai na fokas da hannu zalla, irin TTArtisan 35mm f/1.4, wannan na koyo ne da nishaɗi. Akwai masu otofokas irin Viltrox 33mm f/1.4, waɗannan ana aiki da su sosai. Masu Sony ne suka fi cin moriya, domin tun 2011 Sony ta buɗe wa sauran kamfanoni bayanan bakin kyamararta. Canon kuwa sai 2024 ta bar Sigma da Tamron su yi wa RF masu otofokas, su ma na ƙaramin sensa. Shi ya sa mai shirin sayen kyamara ya kamata ya fara duba lensin da zai iya saya mata nan gaba.

In kuma bidiyo za ka yi, kaifi ba shi ne farko ba. Ka saurari injin fokas. Sony FE 50mm f/1.8 an san shi da jinkiri da ɗan ƙugi, makirfon kan kyamara yana kamawa. Ka kuma juya fokas daga kusa zuwa nesa ka ga ko hoton yana kumbura yana motsewa. Sannan wani abu da ake ɗora wa lensi alhali ba laifinsa ba ne: layi-layin da ke fitowa a ƙarƙashin fitilun LED na ɗakin taro. Wutarmu mai 50 ce a daƙiƙa, ka sa shota 1/50 ko 1/100, ka kuma kashe shotar shiru in hoto kake ɗauka. In janareta ne ba ya tafiya daidai, sai ka ɗan yi ta gwadawa har layin ya ɓace.

Maman Ilham (Rikkos): Salamu alaikum, na dawo da rahoto. Na yi gwajin Anti Binta a wani suna. A 50 ban iya haɗa mai jego da jariri da kakarsa ba sai da na fita tsakar gida na ɗauka ta ƙofa. 35 ya yi, amma 30 ya fi sakin jiki. Tsofaffin hotunana ma yawancinsu tsakanin 24 da 30 suke. Bidiyo da waya nake yi musu dama. Sigma 30 zan nema, in Allah ya hore daga baya in ƙara 56 ɗinsu saboda fuska. Sai dai sabo ya fi ƙarfina, na hannu zan duba. Me zan lura da shi?

Kabiru Bidiyo: An kayar da ni 😅 Allah ya sa alheri Hajiya.

Anti Binta: Madalla ƙanwata. Ki je da kyamararki da katinki, kada ki yarda a gwada miki a tasu. Ki tabbatar na bakin Sony E ne, domin Sigma 30 ɗin nan ana yin sa wa kyamarori daban-daban, suna ɗaya baki daban. Ki cire murfi gaba da baya, ki haska tocilan waya ta ciki. 'Yar ƙura ba komai ba ce, kowane lensi na da ita. Abin gudu shi ne zare-zare kamar saƙar gizo, wannan fumfuna ce, ki ajiye musu abinsu ko nawa suka rage. Ki duba gilashin baya da kyau, ƙarzuwa a can ta fi ta gaba illa. Ki ɗauki bango mai rubutu a 1.4 ki faɗaɗa kusurwoyi huɗu, in gefe ɗaya ya fi sauran dushewa sosai, to ya taɓa faɗuwa. Ki kuma duba sukurorin gindi, in kansu ya cinye an taɓa buɗe shi.

Baba Ɗanjuma (Taminus): Bayan kin saya kuma, garin nan yana da maƙiya biyu. Damina, daga Afrilu har Oktoba, kada ki bar shi a rufe cikin jaka a ƙasan gado. Roba mai murfi ki samu, ki zuba 'yan ƙullin nan masu shan danshi da ke zuwa cikin kwalin takalmi da magani, ki riƙa fito da shi yana shan haske. Hunturu kuma ƙura. Kyamarorinku na yanzu da an cire lensi ga sensa nan tsirara, babu madubi a gabansa. Ki canza a cikin ɗaki ko mota, kyamara a kashe, bakinta na kallon ƙasa.

Oga Sadiq (Abuja): A nan kam na bi Baba. In ba ki samu mai kyau a Jos ba ki yi magana, ina shiga Wuse 2 kusan kullum, sai in duba miki in turo bidiyonsa kafin ki biya. Amma maganar ful firem tana nan, ban janye ba.

Shamsu Gangare: Malam Nura tambaya ta ƙarshe. Ni in na buɗe hamsin ɗina 1.8 da tsakar rana a Shere, farar shaddar ango sai ta ƙone fat, babu ko zanen aiki. ISO na 100 ne fa.

Malam Nura: Shotarka ce ta ƙure. A rana tsaka da ISO 100, f/1.8 yana neman wajen 1/8000, a6000 kuwa a 1/4000 ta tsaya, haka a6400 da RP. Ko ka tsuke zuwa 2.8, ko ka sa filtar ND8 mai rage haske ninki 8, sai shota ta sauko wajen 1/1000 ka bar buɗinka yadda kake so. Ka duba lambar da ke cikin murfin gaba kafin ka saya, na Sony 50 ɗinka 49mm ne. Maman Ilham, naki in ya zo 52mm ne, kada ki ari ta Shamsu, ba za ta hau ba.